Faifan Gilashi a Hannun 'Yan Kago

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a gidan abincin nan na unguwar Al Rigga a Dubai inda 'yan Kano ke taruwa, wani matashi mai harkar wayoyi ya dube ni ya ce, "Baba Sa'idu, wai da gaske albashi ake biyanka don ka zauna cikin sanyin esi kana jin kiɗan Turawa?" Abokansa suka kwashe da dariya. Wani ya ƙara da cewa ai shi da wayarsa ma zai yi aikin, ya kunna faifan, ya kara wayar a bakin lasifika, khalas, shi ke nan. Na ci gaba da cin shinkafata, don na san in na fara magana a ranar ba za a tashi lafiya ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai. To ku gyara zama, ku da kuke ganin sana'ata danna maɓalli ce.

Aikina shi ne kwashe sauti daga tsofaffin faya-fayai zuwa kwamfuta kafin su mutu. E, faifai yana mutuwa. Yana tsufa, yana ɓarewa, yana fitar da farin gari, wata rana ka ɗauko shi ka tarar babu komai a kansa sai ƙara. Yawancin abin da ya ratsa hannuna a Dubai kiɗan Amurka ne na ƙarnin da ya wuce, irin wanda mutum uku ko huɗu ko biyar ke yi a ɗaki da gogensu na Turawa, wani lokaci da piyano ko sarewa. Ba ganga, ba mawaƙi, ba mai tsayawa a gaba da sanda yana ba da umarni. Kallon juna suke yi, suna jin numfashin juna. Ranar da na fara jinsa na ɗauka wani ne ba shi da lafiya. Sai da kunnena ya saba na gane hira ce mutum huɗu ke yi, kowa ya san inda zai yi shiru.

Ban koyi aikin nan a Dubai ba. A ɗakin ajiyar faya-fayai na wani gidan rediyo a Arewa na koya, a hannun wani dattijo, Malam Ilu, Allah ya jiƙansa. Na je wurinsa ina saurayi ina ɗokin taɓa allurar garmaho, sai ya miƙa mini baho da burushi. Wanki na yi ta yi har na fara tunanin ya manta da ni. Ruwan da aka tace, ɗigon sabulu marar ƙamshi, burushi mai laushi, kuma ka bi layin faifai yadda yake zagayawa, kada ka kuskura ka ratsa shi. Ba a riƙe faifai sai a gefe da tsakiya. In babban yatsana ya sauka a kan layi, rula ce ke sauka a kan yatsan, ba gargaɗi ba komai.

Akwai ranar da wani mai karanta labarai ya shigo da gaggawa, ya ɗauki faifan wani tsohon mai algaita, ya ga ƙura a kai, ya jiƙa auduga da sifirit ya goge. Irin faya-fayen garmaho na da sifirit narkar da su yake yi. Kafin ya ajiye audugar faifan ya zama kamar alewar da aka bari a rana. Malam Ilu, da sandarsa da ciwon gwiwarsa, ya bi mutumin nan har bakin get yana kiransa da sunayen da ba zan maimaita ba. Da ya dawo ya zauna yana haki, ya ce da ni, "Sa'idu, mai algaitar nan ya daɗe da rasuwa, amma yau aka binne shi." Ranar ce ya fara barina na ɗora allura.

A shekarar 2016 na zo Dubai. Wani mutumin Sham da ake kira Abu Karim ne ya ɗauke ni aiki, ya yi mini biza. Yana da ɗan kamfani a wani sito a Al Qusais, tsakanin masu ajiyar taya da siton kago na Alhaji Nasiru, wani dattijon ɗan kasuwa ɗan Kano mai aika wa mutane kaya gida. Abu Karim yakan sayo tarin tsofaffin faya-fayai daga gwanjo a Amurka, kuma mutane na kawo nasu: masu tara kayan tarihi, ɗakunan karatu na ƙasashen waje, da magada da suka tsinci kwali a ɗakin kakansu. Shi yana waya yana "habibi, habibi," ni ina ciki da injin juya faifai mai nauyin buhun siminti, da madubin ƙara girma, da akwatin allurai.

Akwatin alluran nan kaɗai ya isa ya rufe bakin mai cewa wayarsa za ta yi aikin. Kowane faifai da faɗin layinsa. In allura ta yi siriri za ta nutse ƙasan layi ta kwaso datti. In ta yi kauri za ta hau sama inda allurar ƙarfe ta mutanen da ta riga ta cinye. Sai ka leƙa ta madubi ka nemo inda bangon layin ke da sauran lafiya, ka zaɓi allurar da za ta zauna daidai nan. Sannan ga gudu. Na tuna wani faifan piyano da goge biyu da aka yanka kafin yaƙin duniya na biyu. Na ɗora shi a gudun da aka rubuta a jikinsa, sai na ji masu gogen kamar ana korarsu. Ashe injin da ya yanka shi ne ke jan ƙafa a ranar. Ina da wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu da ake bugawa ya ba da sautin awo. Da shi na zauna, ina rage gudu kaɗan-kaɗan, ina bugawa ina saurare, har piyanon ya zauna a muryarsa ta gaskiya. Ba kwamfutar da ta gaya mini inda zan tsaya.

Masu kawo aiki kuwa, Allah ya ba mu haƙuri. Akwai wani attajiri daga Sharja da ya kawo faifan goge huɗu, ya ce yana so ya fita fes, ba "shiii" ko kaɗan, kamar jiya aka ɗauka. Na ce ranka ya daɗe, zan rage, amma in na share duka zan haɗa da kartar bakan goge a kan tsirkiya, zan haɗa da numfashin da babban mai goge ke ja don sauran su san lokacin shiga. Ya ce shi ba numfashi ya saya ba. Ya kwashi faifansa ya kai wa wasu yara masu kwamfuta, suka danna masa maɓalli ɗaya. Ya dawo yana kunna mini a motarsa yana fahariya. Wallahi kamar mutane huɗu ne ke goge a ƙarƙashin ruwa. Na ce masa mabruk, wato barka, na koma ciki na sha ruwan sanyi.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na Madam Hilda. A ƙarshen 2019 ta zo, tsohuwa Ba'amurkiya da ta haura tamanin, tana dogara sanda, da na'urar ji a kunnuwanta biyu. Ɗanta Daniyel, wanda ke aiki a Dubai kuma take zaune a gidansa, shi ya riƙo kwalin. Ta ce mahaifinta yana cikin wasu mutum huɗu masu goge a wani gari a Amurka a zamanin yaƙi. Shi ke riƙe da babban gogen nan da ake zama a jingina a ƙirji, wanda suke kira celo. Ba su taɓa fitar da faifai a kasuwa ba. Gidan rediyon garinsu ne ya yanka wa kansa waɗannan lokacin da suke kiɗa kai tsaye, kwafi ɗai-ɗai, babu na biyu. Ya rasu tana ƙarama. Ta yi ta yawo da kwalin nan gida-gida duk rayuwarta, ba ta taɓa jin abin da ke ciki ba, don babu injin da zai ɗauki faifai mai faɗin tiren shayi.

Na ciro na farko na ji nauyinsa, na ɗaga shi sama na leƙa ramin tsakiya. Haske ya ratso ta gefen ramin. Irin waɗannan faya-fayen da farantin alminiyom ake yin su, a shafe shi da baƙin fenti mai laushi, a yanka sautin a kan fentin. Amma a lokacin yaƙi alminiyom ya tafi ƙera jiragen sama, sai aka koma yin su da gilashi. Gilashi siriri, shafe da baƙi, in ka kalle shi sai ka rantse roba ce. Na ce, "Madam, yadda kwalin nan ya iso nan lafiya ikon Allah ne kawai." A ranar na sa kafinta ya ƙera akwatin katako, kowane faifai da gidansa a tsaye, soso a gaba, soso a baya.

Ɗaya bayan ɗaya na kwashe su, sai guda. Duk wanda na gama Daniyel yakan kawo ta ta saurara. Takan rufe ido, ta karkatar da kai, daga baya ta ce, "Mista Sa'idu, suna da daɗi, amma ba na iya tsamo mahaifina daga cikinsu. Wanne ne shi?" Sai in nuna mata ƙasa-ƙasan nan da ke gurnani, ta gyaɗa kai don kada ta ba ni kunya. Kunnenta ba ya kaiwa can. Shi kuwa faifan da ya rage, a takardar tsakiyarsa an rubuta cewa celo ne ke buɗe kiɗan shi kaɗai kafin sauran su shigo. A nan ne kawai za ta ji mahaifinta ba tare da kowa ya rufe shi ba. Daniyel ya ja ni gefe ya ce likita ya ce jinta raguwa yake yi wata bayan wata, in hanzarta. Na ce na ji, amma faifan nan ya fi sauran lalacewa. Farin gari ya rufe shi, fentin ya fara ɗagawa a gefe. Irinsa sau ɗaya yake yarda a bi ta kansa, in ka yi kuskure ba ka da na biyu. Allurar da ta dace da shi ba ni da ita, sai na yi odarta daga Ingila.

Allurar na hanya korona ta sauko. Jirage suka tsaya, gari ya shiga kulle, aiki ya ɗauke ɗif. Abu Karim ya je ganin gida ya maƙale can. Da aka ɗan sassauta, mai siton da muke haya ya ce mu kwashe kayanmu. Abu Karim ya bugo wa maƙwabcinmu Alhaji Nasiru, shi kuma ya ce ba komai, yana da wani sito a unguwar Port Saeed, nan Dubai, zai ajiye mana kaya kyauta har Allah ya kawo sauƙi. Na kai injin da madubin da allurai ɗakina a filat ɗin da muke haya mu biyar. Akwatin Madam Hilda ba shi da wurin zama a ɗakin, ga masu shiga da fita. Na ɗauki fenti ja na rubuta GILASHI a kowane gefe, da Hausa, da Turanci, da Larabci. Na kama hannun Alhaji na ɗora a kai, na ce, "Alhaji, don girman Allah, wannan kada a buɗe, kada a kwantar, kada a ɗora masa komai." Ya ce, "Haba Malam, amana ce ai." Ana gobe za a kwashe kayan zazzaɓi ya kayar da ni, aka gwada aka ce korona ce, aka killace ni.

Da na miƙe, allurar ma ta iso, na hau jirgin ƙasa na nufi Port Saeed. Na tarar da Alhaji a bakin sito da takunkumi a haɓa, ma'aikatansa na ɗaure diloli. Ya ce, "A'a, Malam Sa'idu, sannu da jiki! Kayanka na nan lafiya lau, har na rage maka su."

Na ce, "Rage su kamar yaya, Alhaji?"

Ya sa aka janye wata dilar atamfa. A ƙarƙashinta ga wani ƙunshi a kwance, naɗe da leda, an zagaye shi da selotef tam kamar ƙullin goro. Ya ce, "Akwatin nan naka rabinsa iska ne da soso. Mu ba ma ajiye iska. Ka ga yanzu ko a hammata ka ɗauka."

Ku da kuke aika kaya gida kun san yadda 'yan kago ke yi. A fasa kwali, a zubar da soso, a haɗa kaya wuri ɗaya, a naɗe, mutum ya hau da gwiwa ya danne, wani ya ja selotef. Haka suka yi wa faya-fayen Madam Hilda. Na durƙusa na taɓa ƙunshin, na ji wani abu ya yi ƙaras a ciki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce, "Alhaji, me na rubuta a jikin akwatin?"

Ya ce, "Gilashi. To wa bai rubuta gilashi ba? Duba can." Na duba. Dilar silifas, an rubuta gilashi. Buhun abayoyi, gilashi. Kwalin dabino, gilashi. Kowane ɗan kasuwa rubutawa yake yi a kan komai don kada a yi masa jifa da kaya, har kalmar ta daina nufin komai a wurin masu ɗauka. Alhaji ya ci gaba, "Kuma ni ban yi garaje ba. Da hannuna na ciro ɗaya na ƙwanƙwasa. Baƙar roba ce irin ta garmahon gidanmu na da." Akwatin katakon kuwa, ya ce ya ga yana da kyau, ya zuba kwalaben turare a ciki, yana kan teku zuwa Legas.

Raina ya yi baƙi ƙirin. Wallahi da ba don furfurarsa da tawa ba, da an ji mu har bakin teku. Na faɗa masa abin da ke ciki, na faɗa masa na wace ce. Ya ce, "Subhanallahi. To a sayo wani mana, ni zan biya." Na ce, "Alhaji, a duk duniya babu wani." Ya dube ni da gaskiyarsa ya ce, "Haba Malam, akwai abin da babu a Dubai?" Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin nan alheri ya yi niyya, ko dirhami bai karɓa ba. Ba ka da inda za ka kai ƙarar wanda ya karya ka yana taimakonka. Na rungumi ƙunshin na tafi ban yi masa sallama ba, kuma har yau ban ga laifina ba.

A kan katifata na yanka selotef ɗin da reza, a hankali. Wasu sun tsira, wasu sun tsage, amma su sautinsu na cikin kwamfuta. Wanda ban kwashe ba shi ne a ƙasa, shi ya sha gwiwa. Ya rabu uku. Bayan haka kuma wani yanki daga bakinsa, mai faɗin yatsu uku, ya niƙe ya zama tsaki a cikin ledar. Faifan daga baki yake farawa. Wato daidai inda celo ke kiɗa shi kaɗai, nan ne babu.

To mai waya, ga inda za ka kara wayarka. Na shimfiɗa gutsattsarin a kan wani lafiyayyen faranti, na riƙe su ta ƙasa da ɗan kakin zuma. Na wanke farin garin da burushi guntu-guntu, ina tsoron numfashina ma ya ɗaga fentin. Sannan na sa ido a madubi ina tura gilashin da bakin tsinke har layin wannan ɓangare ya haɗu da ɗan'uwansa na wancan. In ka goce da layi ɗaya, allura za ta tsallaka gaba kiɗan ya haukace. Gurbin da ya niƙe na cike shi da yankin wani faifai marar komai, na daidaita tsayinsa, don allura ta samu gadar hayewa. Na juya injin a rabin gudu, ina raka allurar da ɗan burushi tana sauka layin da ya kamata, zagaye bayan zagaye. Duk wannan da esi a kashe, don girgizarsa na shiga allura. Esi a kashe, a Dubai, a watan Agusta! Abokan zamana suna falo suna fifita da kwali suna tsine wa Turawan da suka ƙirƙiro goge. Ni kuma tawul a wuya, don kada gumi ya ɗiga a kan faifan.

Da na kwashe, na mayar da shi gudunsa a kwamfuta, na zauna cire "ƙas, ƙas" ɗin da kowace tsaga ke yi, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Abin da ya fito ya fi ƙarfin bakina. Mahaifin Madam Hilda ya iya. Murya ce mai kauri, a natse, ba gaggawa. Sai dai kowane zagaye akwai ɗan shiru inda gilashin ya niƙe. Ya yi kiɗa, ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke, har allura ta wuce wurin, sauran ukun suka shigo.

Na buga wa Daniyel na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ce, "Mista Sa'idu, na ji akwai manhajar da ke cike irin wannan gurbin. Ka cike. Ba za ta sani ba, kuma kada ka gaya mata ya fashe." Na ce masa ai na riga na gwada. Ya fita sumul, har da daɗi. Amma kwamfuta ce ta yi hasashe, ta saka wa mamaci abin da bai kaɗa ba. Na ce matar nan ta jira tun tana yarinya don ta ji ubanta, ba zan miƙa mata inji in ce shi ne ba. Ya ɗaga murya ya ce shi mai gyaran sauti ya ɗauka, ba mai wa'azi ba. Ni ma na ɗaga tawa. Na ce zan kawo na gaskiya, in ta ji da kunnenta ta ce da bakinta a cike, zan cike, amma ni da shi ba mu da hurumin yanke mata. Ya kashe wayar. Ban zarge shi ba, uwarsa yake tausayi, amma ban sake shawara ba. Bayan kwana biyu ya turo saƙo cewa in zo.

Da la'asar na isa filat ɗinsu a wani dogon bene kusa da teku. Na zauna nesa da ita da takunkumina. Ta rame, kuma sai na ɗaga murya sosai kafin ta ji ni. Na ce, "Madam, faifan ya fashe a hannun mutanena. Na haɗa abin da ya haɗu. Akwai wuraren da babu, za ki ji shiru." Ta kalle ni, ta kalli ɗanta da ke tsaye a ƙofar kicin ya harɗe hannu. Ta ce, "Kunna."

Na ajiye lasifikar dab da kujerarta na ƙure murya. Celo ya fara. Hannunta ya damƙe kan sandar. Duk inda shirun ya zo sai fuskarta ta motsa kamar an tsikare ta. Ni kuwa a zuciyata Alhaji Nasiru nake gani da gwiwar ma'aikacinsa. Da sauran masu gogen suka shigo ta ɗaga hannu, na tsayar. Daniyel ya harare ni.

Ta ce, "Sake."

Na mayar farko. Celo ya fara, ya zo gurbin farko ya ɗauke. Sai na ji wata siririyar murya a ɗakin. Na ɗauka daga lasifikar ne, har na kai hannu. Ashe ita ce. Bakinta a rufe, tana rera abin da ya ɓace, kuma inda ta ajiye, daidai nan celo ya ɗauka. Gurbi na biyu ma haka, na uku ma haka. Ba ta goce ba ko sau ɗaya.

Da ya ƙare ta share ido da bayan hannu ta ce, "A kicin yake koyon wannan, kullum da safe, ina karyawa kafin makaranta. Mahaifiyata har ta gaji da shi. Ban san yana kaina ba." Ta yi 'yar dariya, ta juya ta ce, "Daniyel, bar tsayuwar nan, zo ka zauna ka ji kakanka." Ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, bai kalle ni ba.

Sannan ta nuna kwamfutata da sanda ta ce, "Mista Sa'idu, abin nan naka yana ɗaukar murya?"

Na ce, "Yana ɗauka, Madam."

Ta ce, "To ɗauke mu tare, ni da shi, tun ina iya jinsa."

Na ciro makirfo daga jaka, na goge shi, na kafa a gabanta, na roƙi Daniyel ya kashe esi. Ta jingine sandar, ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta ɗaga mini yatsa in fara.